Hoton Takarda Da Sunan Jarumi: Misalin Nafoliyon

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan magana gaskiya ce idan mutum ya ga abu da idonsa a wurin da abin ya auku. Amma akwai wani irin gani wanda ba ya korar ji, domin shi kansa ji ne, an yi masa ado ne kurum aka sa shi bisa takarda. Shi ne ganin hoton da gwanin zane ya zana, aka buga shi da yawa, aka watsa cikin ƙasa. Wanda ya dubi irin wannan hoto ya kan zaci ya ga mutumin da ke ciki, alhali kuwa labari ne wani ya ba shi da tawada maimakon baki. Muna so mu duba wannan al'amari tare da ku, 'yan'uwa, kuma babu misalin da ya fi dacewa da shi kamar na Nafoliyon Bonafat, sarkin yaƙin Faransa.

An haifi Nafoliyon a tsibirin Kosika cikin 1769. Ya zama shugaban rundunar Faransa ta Italiya cikin 1796, yana ɗan shekara 26, ya kama mulkin ƙasa cikin 1799, ya zama babban sarki cikin 1804, aka ci shi da yaƙi a Waterloo cikin 1815, ya mutu a tsare a tsibirin Sant Helena cikin 1821. Hoton da a ke ɗauka da na'ura kuwa bai bayyana ga jama'a ba sai 1839, watau bayan mutuwarsa da shekara 18. Saboda haka kowace sura tasa da ke cikin littattafan tarihi aikin hannun mutum ce, kuma galibin masu hannun akwai wanda ya biya su lada. Kun san kuwa wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Yadda A Ke Buga Hoto A Zamaninsa

Gwanin zane ya kan yi wata da watanni yana aikin hoto guda da fenti bisa ƙyalle. In ya gama, a kan rataye shi a fada ko a gidan wani attajiri, ba mai ganinsa sai wanda aka yarda ya shiga. Da abin ya tsaya nan, da manomin Faransa ya mutu bai san kamannin mai mulkinsa ba. Abin da ya fid da hoto daga fada ya kai shi ƙauye shi ne sana'ar masu sassaƙa.

Mai sassaƙa ya kan ɗauki fallen jan ƙarfe, ya goge shi har ya yi sheƙi kamar madubi, sa'an nan ya sa wani ɗan ƙarfe mai tsini ya riƙa tsaga layuka a kansa, yana kwaikwayon hoton gwani. Inda ya ke son duhu sai ya matsa layukan kusa da juna, ko ya gicciya su. Inda ya ke son haske sai ya bar wurin fili. Kome a juye ya ke yinsa, dama ta koma hagu, kamar dai yadda a ke rubutun hatimi. In ya ƙare, a shafa tawada mai kauri, a goge fuskar ƙarfen tsaf, tawada ta saura cikin tsagogin kaɗai. Sai a ɗora takarda mai damshi, a matse ta da inji, ta tsotse tawadar. Da falle guda a kan buga ɗaruruwan hotuna, wani lokaci har dubbai, kafin ya side.

Akwai kuma hanyar katako, wadda ta fi wannan arha. A nan mai sassaƙa ya kan fafe duk inda ba ya son tawada, ya bar layukan a tsaye. Launi kuwa da hannu a ke sa shi, a ɗora wata takarda mai kauri da aka huda daidai inda ja zai shiga, a shafa, a ɗora wata don shuɗi. Hanya ta uku wani Bajamushe mai suna Senefelder ya gano ta wajen 1796. Shi da alli mai maiƙo a ke zane bisa wani irin dutse mai santsi, a jiƙa dutsen da ruwa, tawada ta kama inda maiƙo ya ke, ta ƙi inda ruwa ya ke. Wannan ta fi sauran sauri, amma ba ta yaɗu a Faris sosai ba sai bayan 1815.

Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na fari, a wancan zamani fiye da rabin mutanen Faransa ba su iya rubuta ko da sunansu ba, to, amma babu wanda bai iya duban hoto ba. Na biyu, duk sa'ad da aka kwafi hoto daga wani hoto, ƙananan abubuwa su kan zube, manyan alamu su tsaya. Da haka a ke tafiya har mutum ya koma alama uku ko huɗu, kamar tuta, da doki, da hula.

Kadarkon Arcole

Cikin watan Nuwamba na 1796 rundunar Faransa ta yi kwana uku tana fama da ta Ostiriya a wani ƙauye na Italiya mai suna Arcole. Akwai wani ƙaramin kogi a wurin, da kadarkon katako a kansa, ga fadama dama da hagu, abokan gaba kuwa sun tsare ƙetare da bindigogi. Sojan Faransa suka ƙi matsawa. Wani janar mai suna Augereau ya ɗauki tuta ya yi gaba don ya zuga su, ba su bi shi ba. Sa'an nan Nafoliyon shi ma ya ɗauki tuta ya yi kamar yadda Augereau ya yi. Bai kai ga ƙetare kadarkon ba. Wuta ta yi tsanani, aka kashe hafsansa Muiron a gabansa, mutane suka ja da baya a rikice, shi kuwa ya faɗa cikin taɓon fadama, sai da ƙanensa Louis da wani hafsa Marmont suka jawo shi. Faransawa sun ci nasara a rana ta uku, amma sai da suka ƙetare kogin ta wani wuri.

To, ku ji yadda hoto ya ba da wannan labari. Wani saurayin mai zane, Gros, ya zana shi a birnin Milan cikin 'yan makonnin da suka biyo baya. A hoton, Nafoliyon ba hula a kansa, dogon gashinsa iska tana kaɗawa, sandar tuta a hannun hagu, takobi zare a dama, yana tafe gaba amma ya waiwayo yana duban mutanensa da ido mai kaifi. Babu taɓo, babu gawar Muiron, babu Augereau. Hoton ya yi wa Nafoliyon daɗi ƙwarai, har ya ba da kuɗi aka sa wani gwanin sassaƙa na Milan, Longhi, ya mai da shi bisa jan ƙarfe, aka buga cikin 1798.

Ku lura, Gros bai zana shi yana tsaye a ƙetare ba, balle a ce ya yi ƙarya a fili. Ya zaɓi ƙiftawar ido guda ce daga cikin kwana uku, wadda a cikinta tuta tana sama, ya bar mai kallo ya ƙarasa labarin da kansa. Mai kallo kuwa in ya ga mutum ya nufi gaba da tuta, nasara zai ƙarasa masa. Wasu hotunan farko da aka buga a Faris sun nuna janar biyun tare, kowa da tutarsa. Da sunan Nafoliyon ya ci gaba da hawa, sai Augereau ya yi ta ɓacewa daga takardu, har Arcole ta zama ta mutum guda.

Ingarma Ko Alfadari

Hoton da ya fi kowanne shahara shi ne na ƙetaren duwatsun Alps. Cikin watan Mayu na 1800 Nafoliyon ya bi da sojoji wajen 40,000 ta wata mashigar dutse da a ke kira Sant Banad Babba, wadda tudunta ya haura ƙafa 8,000, don ya faɗa wa rundunar Ostiriya ta baya. Aiki ne mai wuya ainun. Igwa ba ta tafiya bisa ƙafarta cikin ƙanƙara, sai aka fafe gumaguman itatuwa kamar kwalekwale, aka kwantar da bakunan igwa ciki, mutane suka yi ta ja da igiya. Shi kansa ya bi bayan galibin rundunar, ya hau ran 20 ga wata, ranar kuwa gari ya yi kyau. Abin hawansa alfadari ne, wani mutumin ƙauyen wurin yana riƙe da ragama, domin a irin wannan hanya alfadari ya fi doki tabbatar ƙafa. Duk mai hankali abin da zai hau ke nan.

Sarkin Sifen na lokacin, Charles na 4, shi ya fara neman a yi masa hoton wannan tafiya, aka ba David aikin, shi ne babban mai zane na Faransa, kuma malamin Gros. Nafoliyon ya ƙi zama a zana shi. An ruwaito ya nuna wa David cewa ba a kula ko surar manyan mutane ta yi kama da su, muddin dai girmansu ya bayyana cikinta, kuma yana son a nuna shi a natse bisa doki mai zafi. David ya ari tufafin da ya sa a yaƙin Marengo, ya sa ɗansa ya hau tsani don ya sami yadda zaman mahayi zai kasance.

Ga abin da ya fito cikin 1801. Ingarma ya yi tabarya a bakin dutse, ƙafafunsa na gaba suna sama, idonsa a zare don tsoro. Hadari ya haɗu, iska tana kaɗa gezar doki da alkyabbar mahayi, kuma duk gaba ta ke kaɗa su, sai ka ce ita ma tana cikin rundunarsa. Mahayi kuwa ko a jikinsa, fuskarsa a kwance, ya ɗaga hannun dama yana nuna ƙwanƙolin dutse, idonsa yana kan mai kallo. Sojojin da suka sha wahalar jan igwa suna can baya, ƙanana ƙwarai, ana hangensu ta ƙarƙashin cikin doki. A kan duwatsun da ke ƙasa David ya rubuta suna uku kamar an sassaƙa su: Bonafat, da Hanibal wanda ya ƙetare Alps da giwaye shekara 218 kafin haihuwar Annabi Isa, da Sharlaman wanda ya ƙetare cikin 773. Sunan Bonafat ne a sama, kuma shi ya fi fitowa sosai.

Wanda ya san aikin maroƙa zai gane wannan dabara nan da nan. Maroƙi in zai yi wa barde kirari ya kan jera shi da mazan jiya, ya kira shi magajin wane da wane. Sai dai mai jin kirari ya san kirari ne, ya ga maroƙin tsaye, ya ga an miƙa masa kyauta. Mai duban hoto ba ya ganin David, ba ya ganin kuɗin da aka biya.

Sau biyar aka zana wannan hoto a ɗakin aikin David tsakanin 1801 da 1805, sa'an nan masu sassaƙa suka kama shi, ya zama ruwan dare. Yaƙin da ya biyo bayan ƙetaren, watau Marengo, ran 14 ga Yuni 1800, da ƙyar aka sha. Da rana ta yi tsaka Faransawa baya su ke ja, sai da Janar Desaix ya iso da gudummawa da la'asar al'amari ya juya, shi kuwa Desaix a nan ya faɗi. Wannan labari ba shi da wuri ƙarƙashin kofaton ingarman David.

Cikin 1848 da 1850 wani mai zane, Delaroche, ya sake zana ƙetaren da alfadari da ɗan jagora, Nafoliyon a takure cikin kwat, sanyi ya kama shi, fuskarsa duk tunani. Wannan ya fi kusa da abin da ya auku, amma kada mu ɗauke shi shaidar ido, gama Delaroche bai cika shekara 3 ba sa'ad da aka yi tafiyar, kuma shi ma mai ƙaunar Nafoliyon ne. Yabo ne ya sake salo, daga yabon ƙarfi ya koma yabon jimiri. Duk da haka, in an ambaci Nafoliyon da Alps, ingarma ke zuwa zuciyar mutane har yanzu.

Hoto Maganin Zargi

Wani lokaci a kan yi hoto don a rufe wata magana da ke yawo. Cikin watan Maris na 1799, sa'ad da ya fito daga Masar ya nufi Sham, Nafoliyon ya ci garin Yafa, ya sa aka kashe kamammun yaƙi fiye da 2,000 a bakin teku. Sa'an nan annoba mai fid da kaluluwa ta faɗa wa rundunarsa. Daga baya aka zarge shi da cewa wajen komowa ya sa a ba wasu majinyata na sojansa maganin da zai ƙarasa su, don kada su hana tafiya. Ingilishi suka buga wannan zargi, ya bazu cikin Turai.

Cikin 1804, 'yan watanni kafin bikin naɗinsa, aka nuna wani babban hoto na Gros a Faris. A ciki Nafoliyon ya shiga wurin majinyata a Yafa, ya tuɓe safar hannu, yana taɓa kaluluwar wani soja, alhali hafsan da ke bayansa ya toshe hanci da ƙyalle. Gaskiya ne ya ziyarci majinyatan, amma a wata guda, a gari guda, aka yi kisan kamammu. Hoto ɗaya aka yi odarsa, shi ne kuma ya shiga hannun masu bugawa.

Haka al'amarin tufafinsa. Manyan hafsoshinsa su kan sha ado da zinariya da gashin jimina, shi kuwa sai ya fito tsakiyarsu da kwat mai ruwan toka da baƙar hula mai kunne biyu, wadda ya ke sawa a gicciye. Ko yaro ya iya zana wannan hula, ko mai sassaƙa mafi rashin gwaninta ba zai kuskure ta ba. Hannun nan da ya ke cusawa cikin riga kuwa ba shi ya ƙago ba, tsohuwar tsayuwa ce ta masu mutunci a hotunan Turai tun kafin a haife shi. Cikin 1812 David ya zana shi da ita a ɗakin aikinsa, agogo yana nuna ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na asuba, kyandir ya kusa ƙarewa, takardun dokoki a kan tebur, watau mai mulki ya kwana yana aiki jama'a suna barci. A shekarar nan ce ya shiga Rasha da mutum fiye da 400,000, kaɗan daga cikinsu suka komo.

Alƙalamin Abokan Gaba

Makamin da ya ɗaga shi, shi abokan gabansa suka ɗauka don su ƙasƙantar da shi. A Landan akwai wani mai zanen ba'a, Gillray, wanda a kan kafa hotunansa a tagar wani kanti, mutane su taru a titi suna dariya. Ya mai da Nafoliyon ɗan tsurut, da ƙatuwar hula da manyan takalma da suka fi ƙarfinsa, kullum yana kumfar baki kamar yaron da aka hana abu. A wani hoto na 1803 Sarkin Ingila, Joji na 3, ya ɗora shi bisa tafin hannu yana dubansa da tabarau mai kawo nesa kusa. A wani na 1805, shi da Firayim Minista Pitt suna zaune a tebur suna yankan duniya kamar tuwo.

Tsawon Nafoliyon kuwa bisa awon Faransa ƙafa 5 ne da inci 2. Amma incin Faransa na lokacin ya fi na Ingila tsawo, saboda haka bisa awon Ingila ya kai wajen ƙafa 5 da inci 6 ko 7, watau tsaka-tsakin mazan ƙasarsa ne. Duk da haka har yau mutane da yawa sun tabbata gajere ne ƙwarai. Ashe hoton zagi da hoton yabo hanyarsu ɗaya: a ɗauki alama guda, a yi ta maimaitawa har ta zauna.

Bayan Faɗuwarsa

Abin mamaki, hoto ya fi yi masa aiki bayan da mulki ya kuɓuce masa. Da tsohon gidan sarauta ya komo cikin 1815, aka hana nuna alamunsa, masoyansa suka koma ɓoye shi cikin kaya. Akwai hoton damin furanni wanda in ka ƙura masa ido za ka ga gefen fuskarsa, da ta matarsa, da ta ɗansa, a tsakanin ganyaye. Akwai sanduna waɗanda in an kusantar da kansu ga fitila, inuwar da za ta faɗa a bango fuskarsa ce.

Da aka yi juyin mulki cikin 1830 aka sassauta hanin, sai kasuwa ta buɗe. A garin Épinal, gabashin Faransa, akwai ma'aikatar ɗab'i ta gidan Pellerin, wadda ta saba buga hotunan waliyyan Kirista da katako, da launi mai haske, tana sayarwa da ɗan kuɗi kaɗan. Wani mai sassaƙa nata, Georgin, ya yi jerin hotunan yaƙe-yaƙen Nafoliyon. 'Yan koli suka cika jakunkuna da su, suka bi ƙauyuka, manoma suka saya suka liƙa a bango kusa da na waliyyai. A Faris kuma masu zane bisa dutse, irin su Charlet da Raffet, suka yi ta zana shi cikin kwat mai ruwan toka, tsaye a bakin wuta tare da ƙananan soja, kamar uba cikin 'ya'yansa.

Yaran da suka tashi ƙarƙashin waɗannan hotuna ba su ga ranar da aka zo ɗaukar samarin ƙauye zuwa yaƙi ba. A bangon ɗakinsu babu gawarwakin hanyar Rasha, babu dokar 1802 wadda da ita ya tabbatar da bauta a ƙasashen Faransa na ƙetare, bayan an soke ta cikin 1794. Cikin Disamba 1840 aka komo da gawarsa daga Sant Helena, aka yi mata gagarumin biki a Faris. Cikin Disamba 1848 aka yi zaɓen shugaban ƙasa wanda kowane namiji baligi ya ke da ƙuri'a a ciki. Cikin 'yan takara akwai Louis Nafoliyon, ɗan Louis ɗin nan da ya jawo wansa daga taɓon Arcole. Bai taɓa jan runduna ba, sau biyu ya gwada ƙwace mulki ya kāsa, ya yi shekaru a kurkuku da gudun hijira. Ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 5 cikin wajen miliyan 7 da rabi, kuma mutanen ƙauye su suka fi ba shi. Akwai dalilai da dama, kamar tsoron hargitsi da nauyin haraji, amma babban jarinsa suna ne, sunan kuwa shekara da shekaru yana rataye a bangon masu zaɓe. Sun ɗauka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cikin 1852 ya mai da kansa babban sarki. Cikin 1870 Jamusawa suka kama shi da rundunarsa a Sedan, daga baya Faransa ta rasa lardin Alsace da wani yanki na Lorraine.

Yadda Ya Kamata A Dubi Irin Wannan Hoto

Kada a fahimce mu da cewa Nafoliyon ba jarumi ba ne. An soke shi a cinya a Toulon cikin 1793, ya ɗauki tuta cikin ruwan harsashi a Arcole, nasararsa ta Austerlitz cikin 1805 har yanzu hafsoshi suna nazarinta, kuma tsarin dokokin da ya kafa cikin 1804 shi ne tushen dokar Faransa har wa yau. Hoto ba ya gina jarumi daga banza, sai ya sami ɗan abin kamawa. Aikinsa zaɓe ne da ragi: ya ɗauki lokaci guda ya bar sauran, ya girmama mutum guda ya ƙanƙanta dubbai, ya jera shi da mazan jiya, sa'an nan injin ɗab'i ya maimaita har abin ya zauna a zuciya kamar an gani da ido.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk sa'ad da muka buɗe littafi muka tarar da surar wani sarkin yaƙi, ko na wace ƙasa ne, ya kyautu mu yi mata tambayoyin da mu kan yi wa mai kawo labari. Wa ya zana, kuma yana wurin? Wace shekara aka zana, shekara nawa bayan aukuwar abin? Wa ya biya, me kuwa ya ke bukata a lokacin? Su wa aka ƙanƙanta, su wa aka fitar gaba ɗaya? In hoton ingarma ya zo hannunmu, mu nemi na alfadari mu ajiye kusa da shi, mu karanta shekarar kowanne, sa'an nan mu koma ga abin da waɗanda suka yi tafiyar suka rubuta. Yaron da aka nuna wa hotunan nan biyu tare, ba zai sake duban na uku ba tare da tambaya ba. Wasalam.